AZUMIN MABIYA HINDU DA TAFIYAR WATA: INDA AWO YA TSAYA DA INDA ƘA'IDA TA SOMA

Gabatarwa

A cikin watan Satumba na shekarar 2023 mabiya addinin Hindu na ƙasar Indiya suka rabu gida biyu a kan ranar azumin Janmashtami, wato azumin tunawa da haihuwar Krishna, ɗaya daga cikin waɗanda suke bauta wa. Wasu suka ɗauki azumin ranar 6 ga wata, wasu kuwa sai ranar 7. Irin haka ta faru a shekarar 2022, inda aka rabu tsakanin 18 da 19 ga Agusta. Wanda ya tsinci labarin daga nesa zai yi ɗayan zato biyu: ko dai wani ɓangare ya yi kuskuren lissafi, ko kuwa lissafin wata gaba ɗayansa shaci-faɗi ne da kowa ke ja inda ya ga dama. Babu zaton da ya yi daidai a cikin biyun. Ɓangarorin sun san wurin da wata yake a sama a waɗannan ranaku. Babban abin da ya raba su shi ne sa'ar da ya kamata a duba: tsakar dare, ko hudowar rana.

Wannan bambanci, tsakanin abin da ake iya aunawa da abin da jama'a suka ajiye ya zama ƙa'ida, yana cikin manyan darussan da ya kamata ɗalibin sakandare ya fita da su daga ajin kimiyya. Sai dai kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗalibin da bai iya rarrabe su ba, ko dai ya raina kimiyya duk lokacin da ya ga masana sun saɓa, ko kuwa ya ɗora mata alhakin yanke hukunci a kan abin da ba huruminta ba ne. Kalandar azumin Hindu misali ce mai kyau ƙwarai ta koyar da wannan darasi, domin a cikinta awo da ƙa'ida suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma ana iya nuna iyakar kowannensu da lissafin da bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu ba. Saboda haka ya dace malaman kimiyya da na lissafi su ba ta wuri a cikin darasin wata.

Matakin Wata

Ginshiƙin kalandar shi ne abin da ake kira tithi da harshen Sanskirit, wanda za a iya fassarawa da matakin wata. Ga yadda yake. Idan mutum ya dubi sama daga doron ƙasa, akwai kusurwa tsakanin inda rana take da inda wata yake. A lokacin da wata ya daidaita da rana a gefe guda na sama, har ba a ganinsa, kusurwar sifiri ce. Daga nan sai wata ya riƙa gusawa gabas yana barin rana a baya, kusurwar tana buɗewa, har ta kai digiri 180 a lokacin da ya cika. Sa'an nan ta ci gaba har digiri 360, inda ya sake riskar rana. Masana falaki na Indiya sun raba wannan da'ira gida 30, kowane gida digiri 12. Tsawon lokacin da kusurwar ke ɗauka kafin ta ƙaru da digiri 12, shi ne mataki ɗaya.

Matakai 15 na farko su ne rabin haske, lokacin da wata ke girma, kuma na ƙarshensu shi ne Purnima, cikar wata. Sauran 15 su ne rabin duhu, lokacin da yake raguwa, na ƙarshensu kuwa Amavasya, daren da ba wata. A kowane rabi ana soma ƙidaya daga ɗaya.

Ɗalibi na iya fitar da matsakaicin tsawon mataki da kansa. Daga haɗuwar rana da wata zuwa haɗuwa ta gaba kwana 29.53 ne. In an raba digiri 360 da 29.53 za a sami digiri 12.19 a kowace rana. In kuma aka raba 12 da 12.19, amsar ita ce 0.984 na kwana, wato awa 23 da minti 37. Ke nan mataki ya gaza kwana ɗaya da 'yan mintoci.

Amma wannan matsakaici ne kawai. Falakin wata ba cikakkiyar da'ira ba ce, yana da siffar ƙwai. Wani lokaci wata yakan matso kusa da duniya har kimanin kilomita 363,000, wani lokaci kuma ya yi nisa har kimanin kilomita 405,000. Kamar yadda Johannes Kepler ya bayyana game da duniyoyi a shekarar 1609, abin da ke zagaye a irin wannan falaki yakan ƙara sauri idan ya matso, ya rage idan ya nisanta. Don haka wata yakan ci kusan digiri 15 a rana idan yana kusa, ya kuma kasa cika digiri 12 idan yana nesa. Sakamakon haka, mataki yakan gajarta har kimanin awa 20, yakan kuma tsawaita har kusan awa 27. Yana iya somawa da hantsi, ko da la'asar, ko cikin talatainin dare, babu ruwansa da agogon mutane.

Duk abin da aka ambata zuwa nan awo ne. Lokacin da mataki ke somawa ɗaya ne ga duniya baki ɗaya, kuma mai kallo daga Delhi da mai kallo daga Landan za su sami amsa guda in sun yi lissafi daidai.

Daga Mataki Zuwa Rana

Matsalar tana tasowa ne saboda ɗan Adam ba da mataki yake rayuwa ba, da dare da rana yake rayuwa. Wanda zai yi azumi yana bukatar a ce masa ranar Talata ce ko ranar Laraba. Tilas ke nan a sami wata ƙa'ida da za ta ɗora mataki a kan rana. Ƙa'idar da aka fi bi a Indiya ita ce, rana tana ɗaukar lambar matakin da ke gudana a lokacin hudowar rana.

Wannan ƙa'ida takan haifar da abubuwa biyu masu ban mamaki. Gajeren mataki na iya somawa bayan hudowar ranar yau ya ƙare kafin hudowar ta gobe. Tun da bai riski hudowar rana ko ɗaya ba, sai a tsallake lambarsa, a ga kalanda ta tashi daga 5 zuwa 7. Dogon mataki kuma na iya riskar hudowar rana sau biyu, sai a maimaita lambarsa kwana biyu a jere. Da yake watanni 12 na wata suna da matakai 360 amma kwanakinsu 354 ne da ɗoriya, tsallakewa takan fi maimaitawa da kimanin shida a shekara. Wannan ne ya sa azumin Navaratri, wanda sunansa ke nufin darare tara, wata shekara yakan zo kwana takwas, wata shekara kuma goma.

Haka kuma hudowar rana ba lokaci guda ba ce a ko'ina. Faɗin Indiya daga Gujarat a yamma zuwa ƙarshen gabashinta ya kai kimanin digiri 29, wato kusan awa biyu tsakanin hudowar rana a can da nan, alhali agogon ƙasar ɗaya ne. A wajen Indiya tazarar ta fi haka. Alal misali, a ƙaddara mataki na 11 ya soma da ƙarfe 7:00 na safe a agogon Indiya, bayan rana ta hudo a Delhi da ƙarfe 6:00. A Delhi wannan rana ta 10 ce. Amma agogon Nijeriya yana bayan na Indiya da awa huɗu da rabi, saboda haka a daidai wannan lokaci ƙarfe 2:30 ne na dare a Kano ko Legas, kuma kafin rana ta hudo mataki na 11 ya riga ya shiga. Ba'indiyen da ke zaune a Kano zai iya ɗaukar azumi kwana ɗaya kafin ɗan'uwansa na Delhi, ba tare da ɗayansu ya yi kuskure ba.

Kowane Azumi da Sa'arsa

Ɗaya daga cikin azumin da ke yawan zagayowa shi ne Ekadashi, kalmar da ke nufin na goma sha ɗaya. Ana yin sa domin Vishnu a mataki na 11 na kowane rabi, wato daga digiri 120 zuwa 132 a rabin haske, da digiri 300 zuwa 312 a rabin duhu. A lokacin, kimanin kashi uku cikin huɗu na fuskar wata ke da haske a na farko, kashi ɗaya cikin huɗu ko ƙasa da haka a na biyu. Yana zuwa sau 24 a shekara. Mai azumin yakan ƙaurace wa hatsi da wake; wasu su tsaya ga 'ya'yan itace da madara, wasu ga ruwa kaɗai. Mafi tsananinsu shi ne Nirjala Ekadashi, wanda ba a shan ko ruwa, kuma yana faɗowa cikin zafin watan Mayu ko Yuni. Ana buɗe baki washegari bayan hudowar rana, a cikin mataki na 12.

A kan Ekadashi akwai tsohon saɓani tsakanin ƙungiyoyi biyu. Waɗanda ake kira Smarta sun dogara ga hudowar rana. Waɗanda ake kira Vaishnava, masu keɓe bauta ga Vishnu, sun shardanta cewa mataki na 10 ya ƙare tun kafin ketowar alfijir, wanda suka ƙayyade da minti 96 kafin rana ta hudo. A ƙaddara rana za ta hudo da ƙarfe 6:00, mataki na 11 kuma ya soma da ƙarfe 5:00. Alfijir bisa wannan ƙa'ida ƙarfe 4:24 ne, lokacin da mataki na 10 bai ƙare ba. Ɗan Smarta zai yi azumi yau, ɗan Vaishnava sai gobe. Lissafinsu ɗaya, hukuncinsu biyu.

Wasu azumin kuma ba hudowar rana ake dubawa ba sam, sa'ar da ibadar ke gudana ake dubawa. Maha Shivaratri, babban daren Shiva, ana tsayar da shi ne a daren da mataki na 14 na rabin duhu ya riski tsakar dare, cikin Fabrairu ko Maris. A lokacin kusurwa tana tsakanin digiri 336 da 348, wata ya zama siriri, ba ya fitowa sai gab da asuba, saboda haka masu raya daren suna yin sa cikin duhu. Janmashtami yana mataki na 8 na rabin duhu, digiri 264 zuwa 276, lokacin da rabin wata ke fitowa wajen tsakar dare, sa'ar da suka yi imani an haifi Krishna. A shekarar 2023 wannan mataki ya soma da la'asar ɗin 6 ga Satumba ya ƙare da la'asar ɗin 7. Tsakar daren da ya riska na ranar 6 ne, hudowar ranar da ya riska ta ranar 7 ce. Asalin rabuwar da aka ambata da farko ke nan.

Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun sha ganin azumin Karwa Chauth, wanda fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge na shekarar 1995 ya ƙara shahararwa. Matan aure na arewacin Indiya ke yin sa domin roƙa wa mazajensu tsawon rai, daga hudowar rana har fitowar wata, kuma a wurare da dama sukan dubi watan ta cikin rariya kafin su sha ruwa. Ranarsa mataki na 4 ne na rabin duhu, cikin Oktoba ko farkon Nuwamba. Ɗalibi na iya gano lokacin shan ruwansu da alƙalami. Cikakken wata yana fitowa ne daidai faɗuwar rana. A mataki na 4 wata ya wuce cika da digiri 36 zuwa 48, duniya kuma tana juya digiri 15 a awa. Raba waɗannan da 15 zai ba da awa biyu da rabi zuwa uku bayan faɗuwar rana. Haka kuwa abin yake, domin a Delhi watan yakan fito wajen ƙarfe 8:00 na dare.

Watan Ƙari

Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11. A kalandar Hijira ba a cike wannan giɓi, shi ya sa Ramadan ke zagaya damina da rani cikin shekara 33 ko kusa da haka. Kalandar Hindu kuwa tana riƙe watanninta a kan lokutan shekara ta hanyar ƙara wata guda. Rana tana ratsa buruji 12 a shekara, tana ɗaukar matsakaicin kwana 30.44 a kowane. Tun da wannan ya fi kwana 29.53, jifa-jifa akan sami watan da ya kama ya ƙare ba tare da rana ta shiga sabon buruji ba. Irin wannan shi ne watan ƙari, kuma yakan zo kusan bayan kowane wata 32 da rabi, wato sau 7 a shekara 19. An yi shi a 2018 da 2020 da 2023. A irin wannan shekara Ekadashi yakan zama 26. Akasin haka ma yana faruwa, ko da yake ba safai ba: cikin hunturu, lokacin da duniya ke kusa da rana, rana takan ratsa buruji da sauri har ta tsallake iyaka biyu a wata guda, sai a zubar da sunan wata ɗaya, kamar yadda aka yi a 1983.

Ko farkon wata ma ƙa'ida ce ke tsayar da shi. A Gujarat da Maharashtra da Karnataka wata yana ƙarewa ne da daren duhu, a mafi yawan jihohin arewa kuwa da cikar wata. Don haka daren Shivaratri guda ɗaya ne, amma wasu na cewa yana cikin watan Magha, wasu na cewa Phalguna.

Inda Kimiyya ke da Ta Cewa

Kada a ɗauka cewa kowane saɓani na ƙa'ida ne. Akwai wanda awo ke iya rabawa. Littafin kalanda na shekara, wanda ake kira pancanga, yana bayyana sa'ar da kowane mataki zai ƙare. Wasu masu wallafa shi suna bin tsofaffin dabarun lissafi na littafin Surya Siddhanta, wasu suna bin lissafin zamani. Tsofaffin masanan ba kanwar lasa ba ne. Alƙaluman da Aryabhata ya bayar a shekarar 499 suna fitar da tsawon wata kwana 29.530582, alhali awon zamani 29.530589 ne, bambancin bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Amma ƙaramin kuskure yakan taru cikin ƙarnoni, kuma akwai ƙananan sauye-sauye a tafiyar wata, waɗanda janyowar rana ke haddasawa, da tsofaffin dabarun ba su ƙunsa ba. Saboda haka littattafai biyu na iya saɓawa da awoyi a kan ƙarshen mataki guda, kuma hakan na iya matsar da ranar azumi.

A nan gani ya kori ji. Ana iya auna wurin da wata yake, a ga lissafin da ya dace da sama. Masanan Indiya da kansu sun san haka. Parameshvara na yankin Kerala ya shafe shekaru da dama yana lura da husufi yana gwada shi da abin da littattafai suka ce, kuma a shekarar 1431 ya fitar da gyararren tsari mai suna Drigganita, wato lissafin da ya dace da gani. Bayan samun 'yancin kai, a shekarar 1952 aka kafa kwamitin gyaran kalanda a ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha. Kwamitin ya tarar da kalandu kimanin 30 ana amfani da su a ƙasar, ya miƙa rahotonsa a 1955, kuma kalandar ƙasa ta soma aiki ranar 22 ga Maris, 1957. Daga wannan shekara aka shiga wallafa Rashtriya Panchang bisa lissafin zamani. Abin lura shi ne, gyaran ya iya daidaita sa'o'in matakai ga wanda ya karɓe shi, amma bai haɗa Smarta da Vaishnava a kan rana guda ba. Babu na'urar hangen nesa da za ta nuna cewa alfijir ya fi hudowar rana dacewa da ibada.

Da'awar da ba ta da Tushe

Akwai abu na uku da ya kamata ɗalibi ya iya ganewa, wato da'awar da ta ari rigar kimiyya. Akan ji masu cewa hikimar Ekadashi ita ce, wata yana jan ruwan jikin mutum kamar yadda yake jan teku, kuma azumi ke kare jiki daga haka. Wannan magana ba ta tsayuwa. Cika da janyewar teku suna faruwa ne saboda ƙarfin janyowar wata ya bambanta tsakanin gefen duniya da ke fuskantarsa da gefen da ke nesa, tazarar da ta haura kilomita 12,700. A jikin da bai kai mita biyu ba wannan bambanci ba abin ambato ba ne. Ko manyan tafkunan Arewacin Amurka, duk da girmansu, motsin da wata ke yi musu bai kai santimita 5 ba. Bugu da ƙari, teku ta fi cika ne a lokacin cikar wata da lokacin duhunsa, ba a mataki na 11 ba.

Wasu kuma sukan kafa hujja da Yoshinori Ohsumi na ƙasar Japan, wanda ya sami kyautar Nobel a 2016 saboda bincikensa a kan yadda ƙwayar halitta ke narkar da sassanta da suka lalace ta sake amfani da su. A kan ƙwayoyin yisti ya gudanar da gwaje-gwajensa, kuma binciken bai shafi kwanan wata ba. Ko da a ce jinkirta abinci yana da amfani ga jiki, wannan ba zai sa mataki na 11 ya fi na 9 ba. Mai azumin Ekadashi don ibada yake yi, kuma kalmar upavasa da suke kiran azumi da ita tana nufin zama kusa, wato kusantar abin bauta. Jingina ibada ga gurguwar hujja ba ya ƙara mata daraja, sai dai ya ɓata wa ɗalibi tunani.

Hujjojin Masu Ƙi

Wani malami zai ce, me ya haɗa ajinsa da addinin wasu? Amsar ita ce, fahimtar lissafin jama'a daban, bin aƙidarsu daban. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, kuma a cikinsa ya ware babi a kan ire-iren azumin Hindu da wani a kan yadda suke tsayar da ranakunsa. Tun kafin shi, a zamanin Halifa al-Mansur, an fassara littafin falakin Indiya zuwa Larabci a Bagadaza, kuma a kan wannan tushe al-Khwarizmi ya gina jadawalinsa na Sindhind. Lambobin da ɗalibi ke rubutawa kullum, har da sifiri, ta irin wannan hanya suka fito daga Indiya. Malaman da suka ɗauko su ba su ga aibu ba a cikin koyo daga maƙwabci.

Wani kuma zai ce pancanga cike take da duban taurari, da sa'o'in sa'a da na rashin sa'a. Wannan gaskiya ne, kuma ba a ce a koyar da shi ba. Kepler ma ya yi wa manyan mutane duban taurari, amma dokokinsa ne suka shiga littafin makaranta, domin su ne suka jure gwaji. Koya wa ɗalibi ya tsince tsaba daga ƙaiƙayi shi ne ainihin aikin.

Mai kukan ƙarancin lokaci kuwa, ba sabon darasi ake nema ya ƙara ba. Kusurwa, rabawa, bambancin lokaci tsakanin ƙasashe da sauyin siffar wata duk suna cikin manhaja. Abin da aka rasa shi ne misali guda da zai ɗinke su. Aikin ma ba ya bukatar kayan tsada. Dunƙulen hannu, in an miƙe hannun sosai, yana rufe kimanin digiri 10 na sama. Daga tsayuwar wata, ɗalibai na iya fita kowane maraice bayan rana ta faɗi, su ƙidaya dunƙule nawa ne daga inda ta faɗi zuwa inda wata yake, su raba digirin da 12, su rubuta matakin da suka samu. Kada kowa ya dubi rana kafin ta ɓace, domin tana lahanta ido. Bayan cikar wata sai su koma rubuta lokacin fitowarsa, su ga yadda yake jinkiri da kimanin minti 50 a kowane dare. Cikin wata guda za su tabbatar da idonsu abin da allo bai iya tabbatar musu ba.

Kammalawa

Duk lokacin da ɗalibi ya ji an saɓa a kan kwanan wata, a Indiya ne ko a wani wuri, tambayoyi uku ya kamata ya yi. Ina wata yake? Wannan awo ke amsa ta, kuma wanda ya yi kuskure ana iya nuna masa. Wace ƙa'ida ake bi wajen mayar da wurin wata ya zama rana? Wannan ta masu ibadar ce da malamansu. Shin dalilin da aka jingina wa kimiyya ya jure gwaji? Wannan kuma haƙƙin kowane mai hankali ne ya bincika. Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Ɗalibin da ya iya ajiye kowace tambaya a muhallinta ba zai zargi lissafi da laifin da ba nasa ba, ba kuma zai karɓi kowace magana don kawai an ambaci kimiyya a cikinta ba. Wannan tarbiyya ce da malami zai iya bayarwa da allo, da alli, da watan da ke bisa kan kowa.